Gayyar Bakin Rafi

Neman ragon layya ne ya fara kai ni gonarsa. A lokacin ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Washington, muna zaune ni da matata da 'ya'yanmu biyu a hawa na uku na wani bene a Landover. Wani ɗan Nijar mai tuƙa tasi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a shi ya ba ni labarin wani tsoho baƙar fata can gaba da Mitchellville, yana kiwon tumaki, kuma ba ya tsawwala wa mai saye. Muka je tare a motarsa. Shi ya tsaya yana latsa ƙugun raguna, ni kuwa idona ya tafi kan wani fili a bayan rumfar tumakin, ƙasa baƙa wuluk, an bar wa ciyawa. Na durƙusa na ɗebo, na murza, na shinshina. Tsohon ya ce tunda yake sayar da tumaki bai taɓa ganin wanda ya zo sayen rago ya ɓige da shinshina masa gona ba.

Ni ɗan manomi ne. Karatun ma na yi shi ne don in tsere wa fartanya, na tsere har na ƙetare teku, amma ranar nan sai na ji hannuna yana neman ƙota. Na roƙi tsohon aron filin, irin aron gona na garinmu, da baki kawai ba takarda. Ya yi dariya ya ce in ɗauka, ciyawa ba za ta kai ni ƙara ba.

Shekarar farko ni kaɗai ne. Ta biyu muka zama shida, ta uku mun haura goma sha biyar. Akwai likita, akwai injiniyoyi, akwai direbobi, akwai wani malamin jami'a da bai san gaban fartanya da bayanta ba amma ya fi kowa ba da umarni. Muka shuka yakuwa da rama da kuɓewa da gauta da attaruhu. Zoɓon yakuwar ne kaɗai ya ƙi mu, kafin ya nuna sanyi ya sauko ya ƙone shi. Duk Asabar da hantsi za ka ga motoci jere a bakin shinge, manyan mutane sun naɗe ƙafar wando suna gardamar ko an yi kunya daidai. In kaka ta yi sai mu kai wa tsohon rabonsa kamar yadda aka saba, shi kuma ya rasa yadda zai yi da buhun gauta. Miyar yakuwar matata ce dai bai taɓa mayarwa ba.

Baba muke ce masa, har ya saba yana amsawa. Kakansa ne ya sayi gonar bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana noman taba a gonar wasu ana raba amfani. Eka hamsin ce da 'yan kai. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aikin jinya a wata jiha can kudu. Gonakin maƙwabtansa kuwa ɗaya bayan ɗaya sun zama unguwanni, gidaje manya-manya iri ɗaya, kowanne da gareji biyu. Masu gine-gine suna ta aiko masa da wasiƙu suna taya gonar, shi kuma yana hura murhu da su.

Wata rana bayan mun tashi daga aiki ya kira ni barandarsa, ya ce akwai abin da yake so in sani. Ya shigar da takarda a wani shiri na gwamnati. Za a biya shi kuɗi, shi kuma ya sa hannu cewa ba za a taɓa yanka gonar a yi gidaje ba, ko shi, ko 'yarsa, ko wanda ya saya bayan shekara ɗari. Gonar tana nan tasa, ya noma, ya bar gado, ya sayar in ya so, amma a gona za ta tabbata.

Na ce, "Baba, a ƙasarmu in gwamnati ta shigo maganar gona, to ƙwacewa ta zo yi."

Ya ce, "A nan ma mun ga irin wannan, kada ka ɗauka ba mu gani ba. Amma wannan dabam ne. In na samu kuɗin nan, na huta da fargabar haraji da asibiti, 'yata ba za ta taɓa shiga halin da sai ta sayar ba. Ku ma ku ci gaba da shuka ganyenku mai tsami har jikokinku."

Ya ce masu nema suna da yawa, kuɗin kaɗan ne, saboda haka layi ake bi. Ana zuwa a duba kowace gona a ba ta maki, a fara biya daga sama har inda kuɗin shekarar suka tsaya. Tasa ƙarama ce in an kwatanta da na wasu, amma yana da kyakkyawan zato. Wata mata daga ofishin gunduma za ta zo dubawa da zarar sanyi ya ja baya. Iyakar abin da na riƙe ke nan: za a zo duba gona, za a ba ta maki. Ban tambaye shi me ake dubawa ba. Me zan tambaya? Ni da aka yanke wa cibiya a gidan manoma, wa zai koya mini yadda gona mai kyau take?

Akwai rafi da ya ratsa ƙasan gonar, ba ya ƙafewa rani da damina. Gefensa biyu daji ne ya cushe, itatuwa da ƙayoyi da igiyoyi sun sarƙe, ko akuya ba ta ratsawa sai da dabara. Shekara uku wurin nan yana ci mini rai. Fadama ce fa, irin wadda 'yan'uwa ke zuwa gaban alƙali a kanta a garinmu, inda ake albasa da rake, ga ta an bar wa ƙaya. A wurinmu in ka ga daji ya ci bakin gona haka, ba sai an faɗa maka ba, ko mai ita ya mutu ko ba shi da 'ya'ya. Kuma na tashi na ga yadda ake yi in an ce duba-gari zai shigo unguwa, kowa ya fito da tsintsiya da lauje tun jajibiri. Duk lokacin da na kalli bakin rafin nan sai in ji kunya ta kama ni a madadin Baba.

Ana saura 'yan makonni matar ta zo, aka kwantar da shi aka yi masa aiki a ƙugu, aka ce sai ya yi sati uku a wurin gashin ƙashi kafin ya dawo gida. Nan tunanin ya zo mini, kuma har yau ina tuna irin daɗin da na ji da ya zo. Na tara mutanenmu bayan sallar Juma'a na ce mu yi wa Baba gayya. Mutumin nan ya ba mu ƙasa shekara uku bai karɓi ko sisi ba, ga shi kwance, ga baƙuwa tafe. Mu share masa bakin rafi, ya dawo ya tarar da gonarsa fes.

Likitan nan namu ne kaɗai ya ɗan ja. Ya ce, "Malam, ba gara mu yi masa call ba tukuna? Ka san ƙasar nan komai sai da permit."

Na hau shi da faɗa. Na ce, "Haba likita! Mara lafiya ake tambaya kafin a yi masa aikin gona? In ka tambaye shi ai cewa zai yi a bari, don kada ya ɗora mana nauyi. Ko zaman Amurka ya sa ka manta yadda ake zumunci?" Aka yi masa dariya. Ranar gayyar shi ya zo da zarto mai inji guda biyu da ya yi haya da kuɗinsa.

Mu ashirin da uku ne. Daga idar da sallar asuba muka kama hanya, gari na wayewa muna bakin rafi, da adduna da gatura da zartunan nan. Ɗan Nijar ya buɗe ƙofofin tasinsa ya sakar mana kiɗan noma. Mata suka iso da rana da tukwanen dambu da kunun tsamiya. Yadda muka gada haka muka yi: a gona ana barin itacen da ke ba da 'ya'ya ko magani, a sare sauran. To a nan babu ɗorawa babu kuka babu tsamiya, babu ko ɗaya da muka sani, sai muka bar manya guda biyar don inuwa, muka kwantar da sauran. Ba mu sa wuta ba, wannan kam mun san doka ta hana. Muka yayyanka itacen muka jera masa a bayan gida, muna cewa Baba ya samu na hura murhu na shekara uku. Akwai wata igiya mai gashi-gashi da ke naɗe jikin itatuwan, muka yi ta fizgarta da hannu, kashegari rabinmu suka tashi da ƙuraje har wuya, muka mai da abin wasa. Kafin la'asar sakaliya kana tsaye a barandarsa kana hango ruwa yana ƙyalli tun daga wannan iyaka har waccan. Ba zan ɓoye ba, tunda na zo ƙasar nan ban taɓa yin farin ciki irin na ranar ba.

Ranar da 'yarsa ta dawo da shi mun je tarya mu kusan goma, har da sababbin kaya. Ta buɗe masa mota, ya fito a hankali yana dafe da ƙarfen tafiya. Ya amsa gaisuwarmu yana murmushi, sannan ya juya wajen rafi. Na ga murmushin ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, har na fara zaton daɗi ne ya hana shi magana.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na matso gaba, har da gyara hula. Na ce, "Mu ne, Baba. Saboda baƙuwar da za ta zo."

Ya dubi 'yarsa ya ce ta shigar da shi ciki. Muka tsaya cirko-cirko a tsakar gida da kwanukan abinci a hannu. Can ta fito ita kaɗai, idonta jawur, ta yi mana bayani cikin 'yan kalmomi. Dajin nan shi ne abin da za a zo gani. Shi ke tare ƙasa da taki kada su zube cikin rafi, rafin kuma yana gangarawa babban kogi da gwamnati ke ƙoƙarin tsabtacewa. Ubanta shekara talatin yana hana kowa taɓa shi. Ƙaramar gona irin tasa, abin da zai ɗaga ta a layi ke nan. Likita yana kusa da ni, bai dube ni ba, kuma har yau bai taɓa ce mini ai na faɗa ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Na ɗauki hutu a wurin aiki ranar da matar ofishin ta zo, don na ƙudura zan faɗi gaskiya. Mace ce mai fara'a, da dogayen takalman roba. Tana riƙe da hoton gonar da aka ɗauka daga sama. Ta dubi hoton, ta dubi kututturan, ta sake duban hoton. Na buɗe baki ke nan sai Baba ya riga ni.

Ya ce, "Ni na sa su. Na ce su rage mini ƙaya, ban yi musu bayani da kyau ba. Laifina ne."

Daga baya na gane dalili. Ya san a cikinmu akwai waɗanda takardun zamansu ba su gama daidaituwa ba, ba ya so sunan kowa ya shiga wata takarda ta hukuma. Matar ta ce ta yi baƙin ciki, amma abin da ta gani shi za ta rubuta. Aka umarce shi ya sake dasa wurin. Ranar dashe na kira mutane kamar yadda na kira su gayya, bakwai suka zo. Ban ga laifin sauran ba, kunya ce ta hana su. Muka dasa 'yan tsirrai kamar tsinken tsire, kowanne a cikin bututun roba saboda barewa. Ruwan sama na farko mai ƙarfi ya zaftare gaɓar rafin ya tafi da kusan rabinsu. Ruwan da ke garai-garai ya koma jajawur.

Wasiƙar shekarar ta zo. Kuɗi sun ƙare kafin a iso kansa, gona biyu ce kawai tsakaninsa da inda aka tsaya. Ya ce ba komai, baɗi. Sai dai baɗin nan ita ce shekarar da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, bankuna suka yi ta karɓe gidajen mutane. A nan na san wani abu da har yanzu yake ba ni dariyar takaici: kuɗin da ake ceton gonaki da su, daga harajin cinikin gidaje ake tara su. Sai an sayi gidajen da suka cinye gonar maƙwabcinka sannan a samu abin ceton taka. Ciniki ya tsaya, kuɗin suka ƙafe, ɗan abin da ya rage aka ce an toshe wasu ramukan kasafin kuɗin gwamnati da shi. Layi ya ƙara tsawo, manyan gonaki suka shigo gabansa.

Na taɓa zuwa ofishin da kaina ba da saninsa ba. Na sami matar na ce mata ni ne na sa aka sare itatuwan, ba shi ba. Ta ce ta sani tun ranar. Na ce to ta faɗa mini tsakaninta da Allah, da ba mu sare ba, da ya samu a waccan shekarar? Ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba. Na fito na zauna a mota na fi rabin awa ban tayar ba.

Haka muka yi shekara biyar. Idonsa ya yi rauni, sai ya zama ni nake karanta masa wasiƙar duk shekara, kalmomin kusan iri ɗaya: ana godiya da haƙurinsa, babu isassun kuɗi bana, takardarsa tana nan. Masu noma suka ragu muka koma mu huɗu. Ya sayar da tumakin don ba ya iya bin su. Bai taɓa tayar mini da maganar rafi ba, ko sau ɗaya, kuma bai fasa cin miyar matata ba. Itatuwan da muka dasa, waɗanda suka rayu, suka kai ƙuguna, suka kai kafaɗata, suka wuce kaina. Nakan je in tsaya a cikinsu in yi ta jin haushin yadda suke girma a banza, babu mai zuwa ya ba su maki.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Aka kai shi gidan kula da tsofaffi a Silver Spring. Bayan wata huɗu 'yarsa ta same ni a gona ina cirar kuɓewa, ta ce in kwashe abin da zan kwashe kafin sanyi, ta karɓi tayin masu gine-gine. Kuɗin jinya sun cinye komai. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya riga hankalina. Na ce mata gonar kakanninta ce fa, ta ƙara haƙuri ko shekara ɗaya mana.

Ta ce, "Kai ne za ka koya mini darajar gonar kakannina? Kai?"

Da ta huce ta roƙe ni abu ɗaya, kada in faɗa wa mahaifinta. Ita ke da ikon sa hannu a madadinsa, tana so ya tafi yana zaton gonar tana layi.

Na ci gaba da zuwa duba shi duk Lahadi. Kullum sai ya tambayi gona, ni kuma in yi ta zuba: yakuwa ta yi kyau, itatuwa sun yi inuwa, ruwan rafi ya fara washewa. Alhali an riga an kafa turaku masu jan ƙyalle tun daga bakin titi, an rushe rumfar tumaki. Ni da nake taƙama ba na ƙarya, na ƙware a cikin wata biyu.

Wata Lahadi ina cikin ba shi labarin yadda attaruhu ya yi 'ya'ya sai ya ɗaga hannunsa mai lafiyar ya tsayar da ni. Maganarsa ta zama a hankali, sai ka kasa kunne.

Ya ce, "Bari haka. An sayar, na sani. 'Yata ba ta iya ɓoye abu ba, kai ka fi ta rashin iyawa."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Kamar bai ji ba. Ya ce, "Ku nawa ne ranar nan?"

Na ce, "Wace rana, Baba?"

"Ranar da kuka sare mini itatuwa."

"Mu ashirin da uku."

"Tun da safe?"

"Tun gari bai gama wayewa ba, har yamma."

Ya ɗaga ido ya kalli silin. Sannan ya ce, "Kakana ya yi wa mutane aiki a gonarsu. Ubana ma ya yi kafin ya gaji tasa. Ni na haura tamanin, ban taɓa ganin mutum ɗaya ya shigo gonar nan ya yi aikin yini don Allah ba. Sai ga mutum ashirin da uku, har da likita." Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne, bai iya sharewa ba. Ya ce, "Shekara shida ina juya abin nan a raina. Na rasa ko in tsine muku ko in sa muku albarka."

Na zauna ina jira ya zaɓi ɗaya. Wallahi ko tsinuwar ce da hannu biyu zan karɓa, in dai san an yanke. Sai ya ce in miƙo masa ruwa. Na tallafi kansa ya sha, ya ce ya gaji zai ɗan kwanta. Na koma Lahadi biyu bayan wannan, bai sake tayar da maganar ba, ni kuma na kasa. Kafin ta uku 'yarsa ta kira ni a wurin aiki ta ce ya rasu.